An ce Xₙ ya kusanci X ta fuskar rabo: wai me ya kusanci me?

Dalibin_Yiwuwa:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Abu biyu ne suka tsaya mini a darasin yiwuwa, babin kusanta ta fuskar rabo. Ga ma'anar yadda aka bayar da ita: a ɗauki jerin adadin dace X₁, X₂, X₃ har zuwa gaba, kowanne da tarin yiwuwarsa Fₙ(x) = P(Xₙ ≤ x). Ana cewa jerin ya kusanci X ta fuskar rabo idan Fₙ(x) yana tafiya zuwa F(x) a duk wurin x da F bai yi tsalle ba. Na farko, me ya sa aka tsame wuraren tsallen? Ni gani nake kamar rufa-rufa aka yi. Na biyu, tunda an ce Xₙ ya kusanci X, ashe ba dole ne tazarar Xₙ − X ta riƙa raguwa zuwa sifili ba? Don Allah a taimaka da misalai masu lambobi.

Malam_Sigma:
Wa alaikumus salam. Ba rufa-rufa ba ce, dole ce ta sa. Ɗauki misali mafi sauƙi, Xₙ = 1/n, tsayayyen adadi wanda babu dace a cikinsa ko kaɗan: 1, 0.5, 0.333, 0.25, haka yana ta sauka. Kowa zai yarda makomar wannan jeri sifili ce, wato X = 0. To duba tarin yiwuwa a daidai x = 0. Fₙ(0) = P(1/n ≤ 0) = 0, komai girman n. Amma F(0) = P(0 ≤ 0) = 1. Jerin sifili zalla ba zai taɓa kusantar 1 ba. Da ma'anar ta ce a kowane x, da sai mu ce 1/n bai kusanci sifili ba, kuma ma'anar da ta kasa wannan ai ba ta da abin yi. Matsa gefe kaɗan, ka ce x = 0.001: da n ya kai 1000, Fₙ(x) ya zama 1, daidai da F. Idan x yana ƙasa da sifili, duka biyun sifili ne. Wuri guda ne ya ƙi, shi ne inda F ya yi tsalle.

Kuma abin da aka tsame ba shi da yawa. Duk tsallen F idan aka haɗa bai wuce 1 ba, saboda haka tsallen da ya fi 1/2 ba zai wuce guda ba, wanda ya fi 1/3 ba zai wuce biyu ba, haka dai. Ana iya jera su a ƙirga. Sanin F a sauran wuraren ya isa a san shi ko'ina, domin idan aka tunkari kowane wuri daga dama, F ba ya yankewa.

Yar_Lissafi:
Ƙari kan bayanin Malam. Juya misalin, ka ɗauki Xₙ = −1/n. Yanzu Fₙ(0) = 1 = F(0), babu matsala ko a wurin tsallen. Jeri biyu ne masu makoma ɗaya, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kuma alamar ≤ da muka zaɓa ce kawai ta bambanta su. Da < muka yi amfani da ita, da na hagun ne zai faɗi. Tsame wurin tsalle shi ke sa hukuncin bai dogara da wannan zaɓin ba.

MaiAlli:
Tambaya ta biyu kuma, amsarta a'a ce, kuma nan ne ɗalibai suka fi zamewa. A ce X yana da rabon Gauss mai matsakaici 0 da ma'aunin warwatsuwa 1. Sai a ce Xₙ = −X ga kowane n. Tunda rabon Gauss damansa da hagunsa daidai suke, −X rabonsa ɗaya da X, wato Fₙ = F tun daga n = 1. Kusanta ta fuskar rabo ta tabbata ke nan, ba ma sai an jira ba. Amma |Xₙ − X| = 2|X|. Yiwuwar wannan tazarar ta wuce 1 ita ce P(|X| > 0.5), kimanin 0.617, kuma haka za ta zauna ko n ya kai biliyan. Abin da ke kusantar juna shi ne Fₙ da F, ba Xₙ da X ba.

Epsilon99:
Malam MaiAlli, wannan misalin ai wayo ne, Xₙ ɗin ko motsi bai yi ba. Babu wanda zai haɗu da irinsa a aiki na gaske.

Hajiya_Kididdiga:
Epsilon99, to ga wanda kake haɗuwa da shi kullum ba ka sani ba. Ɗauki ma'aunai Y₁, Y₂, Y₃ masu zaman kansu, rabonsu ɗaya, matsakaici 0, warwatsuwa 1. Tara n na farko ka sami Sₙ, ka raba da √n, ka kira shi Zₙ. Babbar ƙa'idar makoma ta ce Zₙ yana kusantar rabon Gauss. To shin akwai wani adadi Z guda da Zₙ yake matsowa kusa da shi? Da akwai, da Zₙ da Z₂ₙ dole su matso kusa da juna. Mu lissafa. Ma'aunai n na farko suna cikin duka biyun, saboda haka matsakaicin Zₙ × Z₂ₙ shi ne n/(√n × √(2n)) = 1/√2. Matsakaicin murabba'in tazararsu kuwa 1 + 1 − 2/√2 = 2 − √2, kimanin 0.586. Babu n a cikin amsar, ba ta raguwa. Zₙ yana ta yawo har abada, siffar yawon ce kawai ta daidaita. Wannan ita ce ƙa'idar da gwaje-gwajen ƙididdiga da yawa suka dogara da ita, kuma ta fuskar rabo kaɗai take magana.

Tsohon_Malami:
Bari a jera matakalar don mai tambaya. Kusanta ta kusan-tabbas, wato Xₙ kansa yana tafiya X da yiwuwa 1, ita ce ta sama, tana haifar da kusanta ta fuskar yiwuwa, wato P(|Xₙ − X| > ε) yana tafiya sifili ga kowane ε. Ita kuma tana haifar da ta fuskar rabo. Saukowa ake yi, ba a hawa, sai a wuri guda: idan makomar tsayayyen adadi ce, c. Hujjar layi biyu ce. P(|Xₙ − c| > ε) bai wuce Fₙ(c − ε) + 1 − Fₙ(c + ε) ba. F ba ya tsalle a c − ε ko c + ε, a na farkon 0 ne, a na biyun 1. Jimillar ta tafi 0 + 1 − 1 = 0. Shi ke nan.

Wani abin lura: a ma'anar kusanta ta fuskar rabo, ba a ma buƙatar Xₙ da X su fito daga gwaji ɗaya. X₅ na iya fitowa daga jefa kwabo, X₆ daga wani gwajin daban can. A irin wannan hali rubuta Xₙ − X ma ba shi da ma'ana.

DanDelta:
Na gamsu. Amma ko ba komai matsakaici zai bi, ko? Idan rabo ya kusanci rabo, E(Xₙ) ya kusanci E(X), tunda daga rabo ake cire matsakaici.

Yar_Lissafi:
Ba ya bi, DanDelta. Xₙ = n da yiwuwa 1/n, sifili da yiwuwa 1 − 1/n. A n = 1000, sau 999 cikin 1000 sifili za ka gani. Makomar sifili ce ta fuskar rabo, har ma ta fuskar yiwuwa. Amma E(Xₙ) = n × 1/n = 1 kullum, E(X) kuwa 0. Idan ka mai da ƙimar n² maimakon n, matsakaicin n ne, yana ta hawa ba iyaka, makomar kuma tana nan sifili. Tarin yiwuwa nauyin da ke can nesa kawai yake aunawa, bai damu da nisan ba. Matsakaici kuwa nauyi yake ninkawa da nisa.

Malam_Sigma:
Abin da ke bi shi ne E(f(Xₙ)) zuwa E(f(X)) ga kowane f da ya cika sharaɗi biyu: ba ya tsalle, kuma yana da iyaka sama da ƙasa. Wannan ma daidai yake da ma'anar farko, kuma da shi ake aiki idan aka bar layin lambobi aka koma inda babu tarin yiwuwa. Shi f(x) = x ba ya tsalle amma ba shi da iyaka, shi ya sa misalin Yar_Lissafi ya kuɓuce. Idan kana son matsakaici ya bi, hanya mafi sauƙin dubawa ita ce ka nuna akwai lamba K guda da E(Xₙ²) bai taɓa wuce ta ba. Ba lallai murabba'i ba, duk ƙarfin da ya fi 1 ya isa, ko 1.1 ne. A misalinta E(Xₙ²) = n, ka ga inda ya faɗi.

Epsilon99:
To yiwuwar faɗawa cikin wani yanki A fa? Ita ma ba ta bi?

MaiAlli:
Tana bi idan X ba shi da nauyi a kan bakin yankin. Ga inda take faɗuwa: zaɓi Xₙ daga lambobi 1/n, 2/n, har n/n, kowacce da yiwuwa 1/n. Fₙ matakala ce da ba ta taɓa nisa da layin F(x) = x fiye da 1/n, saboda haka makomar ita ce rabo na bai-ɗaya tsakanin 0 da 1. Yanzu A ya zama lambobin da ake iya rubutawa p/q. Xₙ yana cikin A da yiwuwa 1, X kuwa da yiwuwa 0. Dalili, bakin wannan A shi ne layin lambobi gaba ɗayansa. Idan A zango ne daga a zuwa b, bakinsa wuri biyu ne kawai, ka ga mun dawo kan maganar tsalle ta Malam_Sigma.

Cunkoso, wato gangaren tarin yiwuwa, shi ma ba dole ya bi ba. fₙ(x) = 1 + cos(2πnx) tsakanin 0 da 1 yana ta hawa da sauka tsakanin 0 da 2, bai natsu a 1 ba. Amma tarinsa x + sin(2πnx)/(2πn) ne, wanda ke tafiya x lafiya lau. Akasin haka ne ke da tabbas: idan cunkoso ya kusanci cunkoso, rabo ya kusanci rabo. Wannan sakamakon Scheffé ne na 1947.

Gwanin_Kwamfuta:
Ga mai son ganin abin da idonsa a R ko Python, ga tsarin. Lambobi biyu ne a aikin, kada a gauraya su: n, yawan ma'aunan da ke cikin samfur guda, da m, sau nawa aka maimaita ɗaukar samfurin. Ka zaɓi n, a ce 30. Ka ciro ma'aunai 30, ka ɗauki matsakaicinsu, ka cire μ, wato ainihin matsakaicin rabon, ka raba da σ/√n, inda σ shi ne ma'aunin warwatsuwarsa. Adadi guda ke nan. Ka maimaita sau m. Sannan ka zana tarin yiwuwar da gwajin ya bayar, a R ecdf ne, ka ɗora shi kan pnorm, wato tarin yiwuwar Gauss, ka auna tazara mafi girma tsakaninsu.

Inda ake yawan ɓatawa: na ɗaya, raba da σ kawai, sai komai ya dunƙule a sifili yayin da n ke girma, mutum ya ce ƙa'idar ta ƙi. Na biyu, dogaro da zanen sanduna, alhali faɗin sandar da ka zaɓa na iya ɓoye karkata ko ya ƙirƙiro ta. Na uku, wanda ya fi muni, m ƙarami. Shi kansa gwajin yana da nasa kuskure. Da iyakar Dvoretzky, Kiefer da Wolfowitz, a tabbacin kashi 95 cikin ɗari kuskuren bai wuce √(ln 40/(2m)) ba. A m = 1000, 0.043 ne. A m = 10,000, 0.0136. A miliyan ɗaya, 0.0014. Idan ma'aunanka na rabon jiran lokaci ne mai cunkoso e^(−x), kuma n = 30, ainihin yiwuwar matsakaicin samfur ya faɗi a μ ko ƙasa 0.524 ce, ba 0.5 ba. Bambancin 0.024 ne, da m = 1000 hayaniyar gwajin na iya rufe shi. Ƙara m ba ya sa rabo ya matso ga Gauss, yana dai sa ka ga ainihin rabon sosai. n ne ke matso da shi.

DanDelta:
Ai tunda n ya kai 30 an gama, haka aka saba koyarwa. Kuskuren 0.024 ba wani abu ba ne.

Hajiya_Kididdiga:
Wannan dokar ta 30 ba ƙa'ida ba ce, babu hujjarta a lissafi, al'ada ce kawai. Gwada ta a kan abin da ba safai yake faruwa ba: kowane gwaji nasara ce da yiwuwa 0.01, an yi 30. Yiwuwar a tashi ba nasara ko ɗaya ita ce 0.99 sau 30 a ninke, 0.7397. Me Gauss zai ce? Matsakaici 0.3, ma'aunin warwatsuwa √0.297 = 0.545, saboda haka P(S ≤ 0) ≈ Φ(−0.55) = 0.29, inda S shi ne adadin nasara, Φ kuma tarin yiwuwar Gauss. An ce 0.29 inda gaskiya 0.74. Har ma ya ba adadin nasara da ke ƙasa da sifili wannan nauyin, abin da ba ya yiwuwa.

Kusanta ta fuskar rabo magana ce kan makoma, ba ta faɗi saurin tafiya ba. Mai faɗin sauri ita ce ƙa'idar Berry da Esseen, ta 1941 da 1942: tazara mafi girma tsakanin Fₙ da Φ ba ta wuce Cρ/(σ³√n) ba, inda ρ = E|Y − μ|³. An nuna C bai wuce 0.4748 ba, kuma ba zai iya yin ƙasa da 0.4097 ba. Ga kwabo mai adalci ρ/σ³ = 1, saboda haka a jifa 100 iyakar 0.047 ce. Ainihin kuskuren a tsakiya: P(S ≤ 50) = 0.5398 maimakon 0.5, wato 0.0398. Ka ga iyakar ba ta yi sakaci ba. Ga p = 0.01 kuwa ρ/σ³ kusan 9.85 ne, a n = 30 iyakar ta kai 0.85, wato ƙa'idar ba ta yi maka alkawarin komai ba. Kuma lura da √n ɗin: rage iyakar kuskuren sau goma yana cin ninka n sau ɗari.

Epsilon99:
Hajiya, ba ki sa gyaran rabi ba, wato a ɗauki S ≤ 0.5 maimakon S ≤ 0 a lissafin Gauss. Da kin sa, da abin bai yi muni haka ba.

Hajiya_Kididdiga:
Gaskiyarka, bari a sa. (0.5 − 0.3)/0.545 = 0.367, Φ ya ba 0.643. Ya matso, amma saura kusan 0.1. Inda gyaran rabi ke aiki sosai shi ne irin kwabon: P(S ≤ 55) a jifa 100 ainihinsa 0.8644, ba gyara Φ(1) = 0.8413, da gyara Φ(1.1) = 0.8643. Ga p ƙarami, makomar da ta dace daban ce. Idan n na girma, p na raguwa, np yana zaune a λ, rabon Poisson ake kusanta. A nan λ = 0.3, e^(−0.3) = 0.7408, gaskiya 0.7397. Le Cam ya nuna a 1960 cewa kuskuren wannan kwatancen ga kowace aukuwa bai wuce np² ba, a nan 0.003.

Tsohon_Malami:
A ƙara da gargaɗin wutsiya. Idan F ba ya tsalle ko'ina, Pólya ya nuna tazarar Fₙ da F tana raguwa bai-ɗaya a duk layin. Amma tazara ce ta ragi, ba ta rabawa ba. A jifa 100, yiwuwar samun fuska ɗaya sau 80 ko fiye kimanin 5.6 ce cikin biliyan goma. Gauss da gyaran rabi yana ba 1.8 cikin biliyan ɗaya. Idan ka rage, bambancin ba ya ko ganuwa. Idan ka raba, ya ninka gaskiyar fiye da sau uku. Mai lissafin haɗarin da ba safai yake aukuwa ba, wannan rabawar ce ta dame shi, kuma kusanta ta fuskar rabo ba ta ce komai a kai ba.

Yar_Lissafi:
A gefe guda, na ga Hajiya ta ce babbar ƙa'idar makoma, wasu kuma suna cewa ƙa'idar iyaka ta tsakiya. Ina bayan Hajiya. Pólya ne ya raɗa sunan da Jamusanci a 1920, kuma nufinsa ita ce jigo a ilimin yiwuwa. Aikin kansa ya girmi sunan nesa: de Moivre ya yi na kwabo a 1733, Laplace ya faɗaɗa a 1810, Lyapunov ya kawo hujja mai ƙarfi a 1901, Lindeberg ya zo da sharaɗinsa a 1922.

Malam_Sigma:
Sunan tsakiyar ma yana da abin kare kansa, tunda kamar yadda Tsohon_Malami ya nuna yanzu, a tsakiyar rabo take aiki, ba a wutsiya ba. Kowanne aka ce za a gane.

Dalibin_Yiwuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura wannan: idan Xₙ ya kusanci X, Yₙ ya kusanci Y, duk ta fuskar rabo, zan iya cewa Xₙ + Yₙ ya kusanci X + Y?

MaiAlli:
Ba za ka iya ba. Koma misalina na Gauss. Xₙ = X mai rabon Gauss. Idan Yₙ = −X, jimilla sifili ce. Idan Yₙ = X, jimilla 2X ce, murabba'in warwatsuwarta 4. Idan Yₙ sabon Gauss ne mai zaman kansa, 2 ne. A duka ukun rabon Xₙ ɗaya ne, na Yₙ ma ɗaya ne, amsa uku daban. Rabon kowanne shi kaɗai bai gaya maka alaƙarsu ba. Hanya biyu ce mafita. Ko dai ka nuna tagwayen (Xₙ, Yₙ) sun kusanci (X, Y) a haɗe, wanda dabarar Cramér da Wold ta mayar da shi duba aXₙ + bYₙ ga kowane a da b. Ko kuma ɗayan ya zama yana tafiya ga tsayayyen adadi c, nan ƙa'idar Slutsky ta 1925 ta ba ka Xₙ + Yₙ zuwa X + c, XₙYₙ zuwa cX, da Xₙ/Yₙ zuwa X/c muddin c ba sifili ba ne.

Hajiya_Kididdiga:
Slutsky ce ke ba mu izinin sa S, wanda a nan shi ne warwatsuwar da aka lissafo daga samfur, a madadin σ da ba mu sani ba; X̄ kuma matsakaicin samfur ne. √n(X̄ − μ)/S ana raba shi biyu: √n(X̄ − μ)/σ, wanda ke tafiya Gauss, sau σ/S, wanda ke tafiya 1. Ana ganin hakan a jadawalin t: ƙimar yanka ta kashi 95 ita ce 2.571 a darajar 'yanci 5, 2.228 a 10, 2.042 a 30, 1.980 a 120, makomar 1.960. Sai dai jadawalin t daidai yake cif ne kawai idan ma'aunan kansu na Gauss ne. Idan ba haka ba, shi ma kwatance ne.

Gwanin_Kwamfuta:
Kuma akwai inda duk abin ke rushewa. Gwada tsarin da na bayar da rabon Cauchy, rcauchy a R. Matsakaicin ma'aunai 10, ko 1000, ko miliyan, rabonsa Cauchy ɗin nan ne dai, ko ƙanƙancewa bai yi ba. Ba shi da matsakaici balle σ, saboda haka sharaɗin ƙa'idar bai cika ba. Kwamfuta ba za ta yi maka ƙorafi ba, za ta lissafa S ta ba ka lamba, lambar ce dai ba za ta natsu ba.

Malam_Sigma:
Ana ganin dalilin a tambarin rabo, φ(t) = E(e^(itX)). Na Cauchy e^(−|t|) ne. Na matsakaicin n shi ne φ(t/n) a ninke sau n, wato e^(−|t|/n × n), ya dawo inda ya taso. Ga mai matsakaici 0 da σ = 1 kuwa, φ(t) ≈ 1 − t²/2 kusa da sifili, saboda haka φ(t/√n) sau n a ninke shi ne kimanin (1 − t²/(2n))ⁿ, wanda ke tafiya e^(−t²/2), tambarin Gauss. Ƙa'idar Lévy ce ke haɗa tambari da rabo, amma da sharaɗin da ake yawan tsallakewa: makomar tambarin kada ta yi tsalle a t = 0. Ɗauki Xₙ mai rabon Gauss da σ² = n. Tambarinsa e^(−nt²/2) yana da makoma a kowane t: 1 a sifili, 0 a ko'ina. Amma Fₙ(x) yana tafiya 1/2 a kowane x, kuma babu adadin dace mai irin wannan tarin. Rabin nauyin ya zurare dama, rabi hagu. Abin da ke hana zurarewar shi ne sharaɗin ɗaurewa: ga kowane ε a sami M guda da P(|Xₙ| > M) bai wuce ε ba ga dukkan n. Da shi, Prokhorov ya nuna a 1956 cewa daga kowane jeri ana iya tsamo ƙaramin jeri mai makoma ta gaske.

DanDelta:
Tunda f marar tsalle yana wucewa da kusantar, wato f(Xₙ) zuwa f(X), ashe dabarar delta, wadda ke neman makomar rabon g(X̄), ita ma kullum Gauss take bayarwa?

Yar_Lissafi:
Sai idan gangaren g′(μ) ba sifili ba ne. Dabarar ta ce √n(g(X̄) − g(μ)) yana tafiya Gauss mai warwatsuwa |g′(μ)|σ. Ɗauki g(p) = p(1 − p) a p = 1/2. Gangaren 1 − 2p ne, sifili. Makomar ta dunƙule a sifili, gaskiya ce amma ba ta da amfani. Sai a ninka da n maimakon √n. Idan p̂ shi ne kason nasara a samfur, p̂(1 − p̂) − 1/4 daidai yake da −(p̂ − 1/2)², saboda haka n sau wannan yana tafiya −Z²/4, inda Z Gauss ne mai matsakaici 0 da warwatsuwa 1, wato rabon kai-sikwaya mai daraja 1 a kife. Duk nauyinsa a gefe guda yake, tunda p̂(1 − p̂) ba ya taɓa wuce 1/4.

Dalibin_Yiwuwa:
Bari in dawo kan tambayata ta asali. Na ci karo da ƙa'idar Skorokhod, wadda ta ce idan akwai kusanta ta fuskar rabo, akwai adadai masu kusanta ta kusan-tabbas. Wannan bai rushe misalin −X na Malam MaiAlli ba?

MaiAlli:
Bai rushe ba, domin sababbin adadai take ƙerawa, ba naka take gyarawa ba. Ana ɗaukar U guda mai rabo na bai-ɗaya tsakanin 0 da 1, a ce Yₙ = Fₙ⁻¹(U), Y = F⁻¹(U). Yₙ rabonsa ɗaya da Xₙ, Y ɗaya da X, kuma duk U ɗaya ke jan su. A misalin matakala, Yₙ shi ne U an ɗaga shi zuwa k/n mafi kusa daga sama, tazarar ba ta wuce 1/n. A misalin −X, Yₙ da Y abu ɗaya ne. Amma alaƙar Xₙ da X ta asali −1 ce, ta Yₙ da Y kuwa +1. Kowanne an riƙe rabonsa, an yar da alaƙar. Amfaninta a hujja ne, inda abin da ake nema ya dogara ga rabo kaɗai, kamar E(f(Xₙ)).

Epsilon99:
Har yanzu ni ina ganin sunan ne ya jawo ruɗanin. Da an ce rabon Xₙ ya kusanci rabon X, da tambaya ta biyu ba ta taso ba.

Tsohon_Malami:
Wasu littattafan haka suke rubutawa, Xₙ da kibiya zuwa N(0,1), babu X ma a gefen dama. Amma Slutsky da dabarar delta sun fi sauƙin rubutu da adadai, shi ya sa aka riƙe salon.

Ga aikin gida ga mai tambaya, yana haɗa duka biyun. Mₙ shi ne mafi girma cikin ma'aunai n masu zaman kansu, na bai-ɗaya tsakanin 0 da 1. Mₙ yana tafiya 1, tsayayyen adadi, saboda haka har ta fuskar yiwuwa. Amma Wₙ = n(1 − Mₙ) fa? P(Wₙ > t) = (1 − t/n)ⁿ, yana tafiya e^(−t). Shin Wₙ yana kusantar wani W guda ta fuskar yiwuwa?

Dalibin_Yiwuwa:
Bari in gwada da dabarar Hajiya, in kwatanta Wₙ da W₂ₙ. Yiwuwar mafi girman ma'aunai 2n ya kasance cikin n na farko 1/2 ce. Idan haka ta faru, M₂ₙ = Mₙ, sai W₂ₙ = 2Wₙ, tazarar ta zama rabin W₂ₙ. Inda mafi girman ya faɗo ba ruwansa da girmansa, saboda haka yiwuwar tazarar ta wuce 0.1 ba ta gaza 1/2 × P(W₂ₙ > 0.2) ba, wanda ke tafiya 1/2 × e^(−0.2), kimanin 0.41. Ba ta sauka sifili. Malam, haka ne ko na zame?

Tsohon_Malami:
Haka ne. Saura ka rubuta dalilin da ya sa wurin mafi girman ba ruwansa da girmansa, kada ka bar shi a baki kawai.